"Ku Bincika" ko "Kuna Bincike"? Nahawu da Zaren Magana a Yohanna 5:39

 

Aya ɗaya zan tsaya a kai yau, a cikin ayar ma kalma ɗaya ce ta tara mu. Ayar tana cikin Bisharar Yohanna, wadda wasu fassarorinmu ke kira Yahaya, sura 5 aya 39. Ina roƙon duk mai Littafi Mai Tsarki a hannu ya buɗe wurin ya bar shi a buɗe, domin za mu yi ta komawa.

Ayar tana da gaɓa uku. Da farko akwai maganar binciken Littattafai. Sai dalili ya biyo baya, wato zaton da masu sauraron ke yi cewa rai madawwami yana cikin Littattafan nan. Sa'an nan Yesu ya ce shi ne Littattafan ke yi wa shaida. Aya ta 40 ta ɗora da cewa mutanen sun ƙi zuwa wurinsa su sami wannan rai. Gardamar duk a gaɓar farko take. Da yawa daga cikinmu sun ji an yi wa'azi da ita a matsayin umarnin Ubangiji: ku bincika Littattafai. Wanda ya saba da tsohuwar fassarar Turanci ta Sarki James haka zai gani a gabansa. Amma wanda ya buɗe fassarar Hausa ta 1980 zai tarar an ɗauki maganar a matsayin labari, wato Yesu yana faɗa wa mutanen abin da suke yi ne. To, wane ne ya yi daidai? Yesu ya ba da umarni ne, ko kuwa ya bayyana halin mutane?

Kada mu yi saurin zargin masu fassara. Matsalar daga asali ta taso. Da Helenanci aka rubuta wannan Bishara, kalmar da ta buɗe ayar kuwa ita ce eraunate. A Helenancin Sabon Alkawari, idan ana magana da mutane da yawa a lokaci mai ci, siffar aikatau ta umarni da ta labari iri ɗaya ce, harafi da harafi, har da wurin da ake ɗaga murya. Eraunate tana nufin "ku bincika", tana kuma nufin "kuna bincike". Ko ka kwana kana kallon kalmar ita kaɗai, ba za ta gaya maka wanne marubucin ya nufa ba.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ku ɗauki wannan jimla a rubuce: na ce ya tafi. Idan na ja wasalin "ya", labari nake ba ku, mutumin ba ya nan. Idan na gajarta shi na sauke murya, umarni na bayar, ina so ya kama hanya. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, saboda haka jimlar biyu kamanninsu ɗaya a takarda. Amma wa ya taɓa tsayawa yana kuka a kan wannan? Ido yakan zarce gaba ne da kansa. In ya ga "tun jiya", ya san labari ne. In ya ga "kada ya kwana a nan", ya san umarni ne. Kowane mai karatun Hausa yana yin wannan aiki kullum ba tare da ya san yana yi ba. Bambancin kawai shi ne, mu baki yakan raba mana gardama in an furta, su kuwa Helenawa ko an furta ma kunne bai ji bambanci a wannan kalma ba.

Wani zai ce a koma ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu mana. An koma. Muna da kwafin Yohanna a kan takardar iwa da aka samo a Masar, wanda masana ke sa shekarunsa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, muna kuma da manyan kundaye biyu na ƙarni na huɗu, na Sina'i da na Batikan. An rubuta su da manyan baƙaƙe a jere, ba tazara tsakanin kalmomi, alamomin tsayawa kuma kaɗan ne ƙwarai. Ko da a ce an cika su da alamomi, ba su da abin da za su ƙara mana a nan, tunda baƙaƙen kalmar ba sa canjawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin wannan aya shi ne yadda masu harshen da kansu suka rabu. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azin Antakiya wanda ya zama bishop na Kustantiniya ya rasu a 407, da Helenanci ya tashi, da shi yake wa'azi. Ya ɗauki kalmar a matsayin umarni, har ya ja hankalin jama'arsa cewa Ubangiji bai tsaya ga cewa a karanta ba, bincike ya ambata, irin na mai haƙa yana neman dukiyar da ke binne. Kirilus, bishop na Iskandariya wanda ya rasu a 444, shi ma Helenanci ne harshen karatunsa da rubutunsa. Ya san cewa yawancin mutane umarni suke ɗaukar ta, ya faɗi haka a sharhinsa, sa'an nan ya ƙi binsu. Manyan malamai biyu, harshe ɗaya, nassi ɗaya, hukunci biyu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu sassauta murya idan muna gardama da ɗan'uwa a kan irin wannan wuri.

Jerom, da ya gyara Bisharu huɗu na Latin wajen shekarar 383, ya yi sa'a: kalmar Latin da ke wurin, scrutamini, ita ma tana ɗaukar ma'ana biyu, sai ya bar wa mai karatu aikin. Harsuna da yawa kuwa ba su ba masu fassara wannan dama ba. Martin Luta a Jamusancinsa na 1522 ya zaɓi umarni. Fassarar Sarki James ta 1611 ta zaɓi umarni. Fassarar Larabci ta Ban Daik, wadda aka kammala a Beirut a 1865, ita ma fi'ilin umarni ta sa. Sai a 1881, da aka fitar da gyararren Sabon Alkawari na Turanci a Ingila, aka mayar da kalmar labari, aka ajiye umarnin a gefen shafi. Daga nan yawancin sababbin fassarori suka bi wannan hanya, har da Jamusancin Luta da aka gyara daga baya. Hausa ma ba ta yarda a raba ƙafa. "Ku" daban, "kuna" daban. Tun daga Likita Mila da abokan aikinsa, waɗanda aikinsu ya ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, duk wanda ya zauna fassara wannan aya dole ne ya yanke hukunci kafin ya ɗora alƙalami.

Nahawu ya gama nasa aikin na farko ke nan. Ya ce mana ma'anoni biyu ne ke yiwuwa, babu ta uku. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin ya hana kowa ƙago tasa. Yanzu sai mu bi zaren maganar.

Lambobin ayoyin nan da muke ji da su ba Yohanna ne ya sa su ba. Wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robat Estiyen, shi ya raba Sabon Alkawari aya-aya a bugunsa na 1551. Sun sauƙaƙa mana neman wuri, amma sun koya mana wata mummunar ɗabi'a, ta tsinke jimla ɗaya mu tafi da ita kamar ita kaɗai aka faɗa. Aya ta 39 tana tsakiyar doguwar magana ce, maganar kuma tana da mafari.

Mafarin yana farkon surar. A Urushalima, a bakin tafkin Betasda, Yesu ya warkar da mutumin da ya shekara 38 yana fama da rashin lafiya, ya sa shi ya ɗauki shimfiɗarsa ya tafi. Ranar Asabar ce. Shugabanni suka tuhumi mutumin, daga baya suka juyo kan Yesu. Da ya amsa musu ta hanyar da ta nuna Allah Ubansa ne, tuhumar ta zama biyu, keta Asabar da daidaita kai da Allah, aya ta 18 kuma ta ce suka ƙara ƙaimi wajen neman kashe shi. Waɗannan su ne masu sauraro. Ba almajirai ne ke zaune suna ɗaukar karatu ba, masu ƙara ne. Daga aya ta 31 maganar ta ɗauki kamannin zaman shari'a sosai. Attaura ta ce ba a tabbatar da magana sai da shaidu biyu ko uku, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a 19:15, sai Yesu ya fara gabatar da nasa shaidun: Yohanna Mai Baftisma, ayyukan da Uba ya ba shi ya cika, Uban da kansa, sa'an nan Littattafai, daga ƙarshe Musa.

Ku lura da abin da yake yi da kowane shaida. Yakan ambaci shaidan, sa'an nan ya faɗi yadda masu ƙarar suka yi da shi. Game da Mai Baftisma, ya tuna musu cewa su da kansu suka aika masa da jakadu, suka kuma ji daɗin haskensa na ɗan lokaci. Game da Uba, ya ce ba su taɓa jin muryarsa ba, ba su ga kamanninsa ba, maganarsa ba ta zauna a cikinsu ba, ba su kuma gaskata wanda ya aiko ba. Bayan ayarmu ya ci gaba: ba sa so su zo wurinsa, ba su da ƙaunar Allah a zuciya, ba su karɓe shi ba, girman da suke ba juna suke nema. Tun daga aya ta 31 har ta 44, in aka cire kalmar da muke gardama a kanta, babu umarni ko ɗaya. Duk bayanin halinsu ne, ɗaya bayan ɗaya. Idan eraunate labari ce, ta shiga sahu daidai: ga shaida na huɗu, ga kuma yadda kuka yi da shi. Idan umarni ce, ita kaɗai ta fita daga sahu, kuma nan take maganar ta koma yadda take. Hakan na iya faruwa a magana, ban ce ba ya yiwuwa ba, amma wanda ya ce ya faru shi ke da nauyin kawo hujja.

Yanzu ga gaɓa ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi. Dalilin da aka kawo na binciken shi ne zaton mutanen, kalmar kuwa ita ce dokeite, "kuna zato". An kuma ƙara mata wakilin suna, humeis, wanda Helenanci ba ya bukata sai in ana son nanatawa, kamar mu ce "ku ɗin nan kuke zato". Na bi wannan kalma a cikin Bisharar Yohanna, ku ma ku bi ta. A 11:13 almajirai sun yi zaton Yesu barcin gaske yake nufi game da Li'azaru, alhali mutuwa yake nufi. A 13:29 wasu sun yi zaton an aiki Yahuza sayayyar idi ne. A 16:2 masu kashe almajirai za su yi zaton bautar Allah suke yi. A 20:15 Maryamu Magadaliya ta yi zaton mai lambu ne ke tsaye a gabanta. A duk waɗannan wurare zaton bai faɗa daidai ba. Haka wannan marubuci ya saba amfani da kalmar.

To ku gwada karatun biyu a kunnenku. In na ce wa mutane kuna yin kaza domin kuna zaton kaza, magana ta zauna, na faɗi aikinsu na faɗi abin da ke tura su. In kuwa na ce ku yi kaza domin kuna zaton kaza, na gina umarnina a kan zaton da ni kaina ban amince da shi ba. Da umarni Yesu yake bayarwa, da mun sa ran dalilin zai fito daga bakinsa a matsayin gaskiya, ya ce a bincika domin rai yana ciki, ko domin suna yi masa shaida. Sai ga shi ya jingina dalilin ga zatonsu.

Sai ƙaramar kalmar da ta buɗe aya ta 40, kai, wadda asalin ma'anarta "da" ko "kuma". Yohanna yakan yi amfani da ita a inda Bahaushe zai ce "amma duk da haka". A nan ne Kirilus ya kafa hujjarsa tun ƙarni na biyar. Ya ga cewa wannan mahaɗi ya ɗaure ƙin zuwan da binciken, ya mai da su magana ɗaya mai ciwo: ga bincike ana yi, ga shaida Littattafan na bayarwa, duk da haka an ƙi zuwa. Ciwon maganar yana cikin karon da ke tsakanin ƙwazonsu da ƙinsu. In aka mai da gaɓar farko umarni, karon ya ɓace, domin ba a riga an ce suna binciken ba balle a yi mamakin ƙinsu.

Akwai kuma yadda marubucin yake yi in yana son umarni ya fito fili. A 7:52, da Nikodimu ya nemi a saurari Yesu kafin a yanke masa hukunci, abokansa suka tura shi ya je ya bincika, da wannan aikatau ɗin dai, amma a siffar eraunēson, wadda ba ta ɗaukar wata ma'ana sai umarni. Jam'inta, eraunēsate, yana nan a harshen, da shi aka sa a 5:39 da ba mu taru yau ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfin waɗanda suka gabata, domin marubuci ba ya rubutu don ya kauce wa gardamar da za a yi bayan ƙarnuka. Amma ga wani abu a cikin surar kanta. Dokeite ɗin nan ta sake fitowa a aya ta 45, baƙaƙe iri ɗaya, a can kuwa umarni ce, Yesu yana hana su zaton shi ne zai kai ƙararsu. Ta yaya muka sani? Helenanci yana da kalmomin korewa biyu, ou ta labari da mē ta hani, a aya ta 45 kuwa mē ce a gabanta. Kalma ɗaya, ayoyi shida tsakani, ma'ana biyu, kuma maƙwabciyarta ce ta raba gardama kowane lokaci.

Sauran tambaya ɗaya: shin labarin ya dace da mutanen? Ƙwarai kuwa. Malaman Yahudawa na wancan zamani ba su bukatar a ce musu su yi nazari, shi ne rayuwarsu. Aikatau na Ibrananci da suke amfani da shi, darash, ɗan'uwan kalmar Larabci ne da ta ba mu "darasi". A cikin Mishna, a sashen maganganun magabata, an ruwaito daga Hillel, babban malamin da ya rayu gab da zamanin Yesu, cewa yawan Attaura yawan rai ne, wanda kuma ya mallaki kalmomin Attaura ya mallaki rayuwar duniya mai zuwa. An tattara Mishna wajen shekara ta 200, bayan Bisharar, amma tunanin ya yi daidai da zaton da aya ta 39 ta ambata. Ƙarshen surar ma ya tabbatar da shi, inda Yesu ya ce Musan da suka ɗora begensu a kansa shi ne mai ƙararsu, domin game da shi Musa ya rubuta. Ba a gaya wa wanda bai karanta Musa ba irin wannan magana.

Adalci ya sa in faɗi abin da ɗaya ɓangaren ke da shi, kuma ba su zo hannu rabbana ba. Suna cewa kalmar ta zo a farkon jimla ba wakilin suna, yadda umarni ya saba zuwa, da labari ne da humeis a nan za ta zauna. Amsata ita ce, a ayoyi 37, 38 da 40 akwai aikatau na labari da suka zo ba wakilin suna, saboda haka rashinsa bai yanke komai ba. Suna kuma cewa a zaman shari'a daidai ne mai kare kansa ya ce wa masu ƙara su je su duba shaidar da ke hannunsu. Wannan magana ce mai kyau, ita ce ma ta ja Kirisostom. Sa'an nan suna da wani guntun takardar iwa da ake kira Egerton na biyu, wanda ke ajiye a Landan, aka buga shi a 1935. Guntu ne na wata bishara da ba ta cikin Sabon Alkawari, daga ƙarni na biyu ko farkon na uku, yana ɗauke da magana mai kama da wannan aya. A can babu kalmar "domin", an ce Littattafan da kuke zaton akwai rai a cikinsu, masana da yawa kuwa umarni suke karantawa. Na yarda a can umarni ya fi zama. Amma ku ga dalilin da ya sa ya zauna: an cire "domin". Wato kalmar da ke hana umarni zama a Yohanna ita ce babu. A wurina wannan guntu ya ƙara nuna nauyin "domin" ɗin ne.

Ko da wani ya nace a kan umarni, to ya san irin umarnin da ya riƙe. Ƙalubale ne da aka jefa wa abokan gardama, irin "je ku duba ku gani". Littattafan da ake nufi kuma su ne Attaura da Annabawa da sauran Rubuce-rubuce, abin da muke kira Tsohon Alkawari, tunda a ranar da aka yi maganar ba a rubuta ko layi ɗaya na Sabon Alkawari ba. Ko ta wace hanya aka bi, ayar ba ta zama taken ƙarfafa masu bi su riƙa karatun safe ba.

Ɗalibai, kada ku fita daga nan da ƙa'idar cewa duk inda siffar nan ta zo labari ce. Ku juya zuwa 14:1. Pisteuete ta zo sau biyu a aya ɗaya, ɗaya game da Allah, ɗaya game da Yesu, kowacce na iya zama "ku gaskata" ko "kuna gaskatawa". Fassarar Sarki James ta mai da ta farko labari, ta biyu umarni. Amma a nan jimlar da ta gabace su hani ce da ba shakka a cikinta, game da damuwar zuciya, masu sauraro kuma almajirai ne da ke cikin firgici a daren da za a ba da Yesu, a aya ta 11 ma kalmar ta dawo a matsayin kira. Ni dai a can umarni biyu nake karantawa. Matakan da suka kai ni ga labari a sura 5 su ne suka kai ni ga umarni a sura 14: wa ke magana, da wa, me ya gabata, me ya biyo baya, yaya wannan marubuci ya saba amfani da kalmar.

Na san abin da ke damun wasu iyayenmu fastoci. Wa'azin da aka daɗe ana yi da wannan aya ya sa mutane da yawa sun buɗe Littafi, yanzu kuma a ce an ɗauke mana ita? Koyarwar tana nan daram, wurin zamanta ne kawai za a gyara. Ayyukan Manzanni 17:11 ta yabi mutanen Biriya domin kowace rana suna auna wa'azin Bulus da Littattafai. Zabura ta 1 da ta 119 suna nan. 2 Timoti sura 3 tana nan. Yesu kansa bai rage darajar Littattafai a wannan aya ba, ya kira su shaidunsa, a 10:35 kuma ya ce ba a warware Nassi. Abin da ba daidai ba shi ne mu ɗora koyarwa mai kyau a kan ayar da ba ita take faɗa ba. Ranar da wani yaro mai karatu ya gano haka, zai fara shakkar sauran abin da muka gaya masa, har da wanda muka faɗa daidai.

Akwai kuma hasarar da ta fi wannan. Muddin muna karanta ayar a matsayin umarni, mu ne masu biyayya, tana yabonmu duk lokacin da muka buɗe Littafi. In muka karanta ta yadda aka rubuta ta, sai ta juyo kanmu. An faɗe ta ne ga mutanen da suka fi kowa karatu a zamaninsu, waɗanda suka san nassi ciki da bai, aka ce musu duk wannan sani bai kai su inda Littattafan ke nunawa ba. Su wa suka fi kama da su a yau? Mu ne, masu takardun shaidar tauhidi, masu hawa mumbari, masu kawo aya a kan aya a wajen muhawara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Shi ya sa nake roƙon kada kowa ya mai da wannan sura sandar dukan Yahudawa. Yesu Bayahude ne, almajiransa Yahudawa ne, wanda aka warkar ma haka. Da wasu shugabanni na Urushalima ake magana, laifin da aka ambata kuwa laifi ne da ke bin masu karatu a ko'ina.

Hukuncina ke nan: eraunate a Yohanna 5:39 labari ce, "kuna bincike", kuma masu fassarar Hausa da suka ɗauke ta haka sun yi daidai. Umarnin yana da wurinsa a gefen shafi, domin nahawu bai haramta shi ba, manyan malamai kuma sun riƙe shi. Roƙona ga duk wanda zai yi wa'azi da wannan aya shi ne ya karanta sura 5 daga aya ta 1 har ta 47 a zama ɗaya, da murya, kafin ya rubuta kan maganarsa. Ɗalibai kuma ku ɗauki Yohanna 15:18 da 1 Korintiyawa 12:31, inda irin wannan siffa ta sake fitowa, ku bi su da kanku, ku kawo wa malamanku hukuncinku tare da hujja.

 Allah ya ba mu fahimtar Maganarsa. Amin.